Rodin da ke Saman Rufin Don Fortunato

Akwai wani dattijo mai suna Don Fortunato Huamán, shugaban mazauna wata unguwa da ke jikin tudu a gefen birnin Lima. Yana saurayi ya hau tudun nan da tabarma a ka, lokacin babu komai sai yashi da duwatsu. Yanzu gidansa hawa biyu ne na bulo. Kamar kowane gida a layin, rodi na tsaye a saman rufinsa, yana jiran hawa na gaba.

Saman rufin nan ya riga ya ba 'yarsa Marleni. Ita da mijinta da yara biyu suna cushe a ɗakin haya guda. Duk ƙarshen wata sai ta sayi ɗan bulo, mijin ya hau da shi a kafaɗa ya jera. Bana suka sa ran fara gini.

Sai labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta mai da filin ajiye manyan motoci da ke gindin tudu wurin zama. Wani kamfani zai gina dogayen benaye, a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi.

Unguwa ta ɗau zafi. Mata suka ce ruwan famfo da ma bai ishe su ba, ina ga an ƙaro mutane. Wasu suka kawo kukan hanya da makaranta. Shi kuwa Don Fortunato ba ruwa ne ya dame shi ba. Cewa ya yi ba a san asalin masu zuwan ba, ɓarayi ne da mashaya.

Amininsa Teófilo ya yi dariya ya ce, "Kai tsoho, wa ya san naka asalin ranar da ka zo? Ko takalmi ba ka da shi."

"Ni dutse na fasa na yi hanya," in ji shi. "Su me suka fasa?"

Ranar zaman majalisar ƙaramar hukuma Don Fortunato ya ja unguwa gaba ɗaya, mata riƙe da tukwane da ludayi. Ya miƙe ya ce buƙatarsu ɗaya ce: a kafa doka, kada wani gini a unguwar ya wuce hawa biyu. In an yi haka, kamfanin ba zai ga riba ba, zai tattara ya tafi.

Wata kansila mai suna Rosaura ta ɗaga hannu. Ta ce gara su bar a yi ginin, su gindaya sharaɗin tankin ruwa da kwalta. Ta ƙara da cewa, "Don Fortunato, ka tsaya ka ji inda iyakar unguwar nan ta fara..."

"Zauna, yarinya. Mun san wanda ya aiko ki."

Tukwane suka ɗauki ƙara, ba a ƙara jin muryarta ba. Zaɓe ya kusa, sauran kansiloli suka ɗaga hannu. Doka ta tabbata, kamfani ya janye. Aka gasa kaji, aka ɗaga Don Fortunato sama.

Ba wanda ya tuna da rufinsa. A tudun nan ba a taɓa neman izinin hukuma don a ɗora hawa a kan gidan uba ba. A wurinsu wannan sha'anin iyali ne.

Wata Lahadi maƙwabta suka taru taya Marleni aiki, kamar yadda aka saba. Ana kwaɓa siminti, ana miƙa bokiti hannu zuwa hannu, bango ya kai ƙirji. Sai ga ma'aikatan hukuma biyu sun hawo. Suka ƙirga hawa, suka ce a dakata, abin da aka ɗora kuma a sauke.

Don Fortunato ya ce kuskure suka yi, dokar ta filin ƙasa ce. Babban cikinsu ya ce dokar ta unguwa ce, daga gindin tudu har ƙololuwa.

Mutane suka riƙa juyawa suna kallon rufin gidajensu. Ko'ina rodi, ko'ina akwai ɗan da aka yi wa alkawari.

Marleni ta ajiye bokiti, hannunta duk siminti. "Baba, wa ya nemi wannan dokar?"



Washegari Don Fortunato ya tafi wurin Rosaura, hula a hannu. Ba ta yi masa gori ba. Ta ba shi kujera, ta ce tsarin unguwa in an rufe shi, sai bayan shekaru ake sake buɗewa. Ta ce za ta yi ƙoƙari, amma kada ya sa rai kusa.

Marleni ba ta iya jira ba. Mijinta ya sami aiki a garinsu, can cikin duwatsu, tafiyar yini guda. Ranar tafiya Don Fortunato da kansa ya ɗauko musu kaya har bakin titi. Ƙaramar jikarsa ta leƙo ta tagar mota ta tambaye shi yaushe za a gama ɗakinta. Sai motar ta tashi da su.

Darasi: Kafin ka nemi a hana wani wurin zama, ka duba ko naka na cikin masu nema. Kuma ka bar mai magana ya kai ƙarshe, ko da ka raina shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shiga gaba a taron unguwa.