Aku da Ƙoƙon Bayan da Ba Nasa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso!

A jami'ar daji babu mai haddar Aku. Duk abin da ya karanta sai ya zauna masa daram, har ya manta inda ya samo shi. Ranar kare kundin digirinsa ya iso yana ta tsalle, ya ma riga ya gayyaci dangi walima.

Malam Dila, mai duba aikin, ya buɗe kundin, ya ce, "Aku, duk wannan daga kanka ya fito?"

"Daga kaina, Malam, wallahi!"

"To saurara: 'In na hango shaho, sai in ja kaina cikin ƙoƙon bayana.' Juyo mu ga ƙoƙon."

Zaure ya kaure da dariya. Kunkuru ya miƙo wuya daga can baya, ya ce, "Littafina ne, shafi na tara!"

Aku ya ce, "Malam, ban yi niyyar sata ba!"

"Na yarda," in ji Dila. "Amma tunkiyar da ta biyo ka gida ba ta zama taka ba. Je ka sa sunan mai magana, ka dawo baɗi."

Shi ya sa har yau, in Aku zai maimaita magana, da muryar mai ita yake faɗa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ni ma a bakin kakata na ji ta.