Tekun Malam Tukur a Gusau

To jama'a, ku gyara zama. Yau na zo muku da wata magana da ta hana ni sakat, kuma ba za mu tashi ba sai kun raba min gardama.

Abokina Malam Tukur ya yi ƙuruciyarsa kaf yana aikin inji a jirgin ruwa. Da ƙarfi ya ƙare ya dawo gida Gusau, sai kewar teku ta kama shi. Ya daina fira, ya daina fitowa majalisa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Mutum yana ramewa a gaban idonmu, likita kuma ya ce bai ga ciwon komai ba.

'Ya'yansa uku, Mudassiru da Asabe da Nafi'u, suka haɗa kai suka kawo masa teku har falo. Akwatin gilashi ne babba, aka zuba ruwa da gishirin teku na musamman, aka sa famfo mai juya ruwan da fitila, aka jera duwatsun da aka ɗauko daga bakin teku da ɗanyen murjani a jikinsu. Ku daina kallona haka. Murjanin da kuke gani a wuyan mata, asalinsa halitta ce mai rai, tana ci tana girma. Ni ma sai da na gani na yarda. Tun daga ranar Malam Tukur ya jawo kujera gaban gilashin, a nan yake cin abinci har da neman ƙari, yana nuna mana dodon koɗi da jatan lande kamar jikokinsa.

Da bazara ta kama, murjanin ya fara yin fari yana mutuwa. Malam Tukur ya koma gidan jiya, ya sake ture kwano. Ya ce min, "Malam Sule, in tekun nan ya mutu, ni ma ban ga abin da nake jira ba." Wallahi maganar ta tsorata ni.

Mudassiru, babban, shi ya fara gano matsala. Ya lura kullum zafi yana shanye ruwan, uban kuma yana cike gurbin da ruwan gishiri, don a ganinsa teku ba ya son ruwan daɗi. Ya ce, "Baba, in miya ta tsotse a kan wuta, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?" Ya kawo ma'auni, aka tarar gishirin ya wuce misali. Bai yi gaggawa ba, ya riƙa zuwa safe da yamma yana ƙara tataccen ruwa kaɗan-kaɗan har ya daidaita, don in aka sauya shi lokaci guda komai zai mutu. Da ba don shi ba, da gishiri ya gama da akwatin.

Amma murjanin bai daina lalacewa ba, kullum da safe sai a ga an gatsi wani gefe. Duk gidan suka ɗora laifin a kan wasu tsutsotsi masu gashi da ke fitowa daga cikin duwatsun, munana da su, har an yanke shawarar a kwashe duwatsun a zuba musu tafasasshen ruwa. Asabe, malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, ta ce a dakata. Ta zauna da madubin ƙara girma tana bin halittun ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar hotonsu tana bincike. Ta gano tsutsotsin nan su ne masu share dattin ruwan. Ɓarawon kuwa wata 'yar ƙaguwa ce kyakkyawa mai ɗigon baƙi a ƙarshen ƙafafunta na cizo, wadda Malam Tukur ya fi so har yana kiranta Amarya. Asabe ta jingina kofin shayi na gilashi a jikin dutse da ɗan kifi a ciki, Amarya ta faɗa ta kasa hawowa saboda santsi. Da ba don ita ba, da an kashe masu aiki an bar mai ɓarna.

Ana murna, sai wata rana da tsakar zafi wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi. Famfo ya tsaya, ruwa ya fara ɗumi, halittun suka lafe. Nafi'u, autan, tela ne, shi kaɗai ke kusa. Ya rufe shago ya bar ɗinkin mutane, ya ɗauko ludayin uwarsa yana ɗibar ruwan yana kwararawa daga sama don iska ta shiga. Ya aika aka sayo ƙanƙara a ƙulle cikin leda ya saka a ciki. Tun hantsi yake abu ɗaya, sallah kawai ke tayar da shi, sai bayan la'asar wuta ta dawo. Washegari ko almakashi bai iya riƙewa ba. Da ba don shi ba, da wahalar yayyensa ta tashi a banza a yini guda.

Yanzu alhamdulillahi, murjanin ya dawo da launinsa, abokina ya yi ƙiba har rigunansa sun matse shi. Makon jiya murjanin ya fitar da reshe na farko da za a iya yankewa a dasa a wani gida, guda ɗaya tak, kuma ya yi ƙanƙanta a raba shi. Malam Tukur ya rantse wanda ya ceci tekunsa zai ba. Ya kira ni ya ce in yanke hukunci, ni kuma na garzayo da maganar wurinku.

To ku da kuka fi ni baki, tsakanin Mudassiru da Asabe da Nafi'u, wa za a miƙa wa reshen nan?