Zayyanu Mai Rufe Ido

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau da shari'a na zo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

An yi wani saurayi a Gusau mai suna Zayyanu, ɗan shekara goma sha tara, ɗan wasan ƙwallon kwando. Gajere ne a cikin dogaye, shi ke ɗauko ƙwallo daga baya ya rarraba wa 'yan'uwa. In ƙwallo na hannunsa, sai ka rantse da ita aka haife shi. Amma wasan nan ba jifa kaɗai ba ne. In ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, dole kowa ya tare mutuminsa, to a nan Zayyanu ya zama ƙofa ba ƙyaure, duk wanda ya zo wucewa yake.

Ba haka ya taso ba. Shekara guda kafin nan, wani ƙato ɗan wata ƙungiya ta Ƙauran Namoda, wanda ake kira Tirela, ya taho a guje ya banke shi, ƙashin kafaɗarsa ya karye har 'yan kallo suka ji ƙarar. Ƙashi ya haɗe cikin wata uku, tsoro kuwa ya zauna daram. Da ya ji takun mutum na nufo shi sai ya kasa tare shi. Bai gaya wa kowa ba, kun dai san ku samari, gara ku mutu da a ce kun ji tsoro. Kocinsu ya ɗauka nauyin ƙafa ne, ya yi ta sa shi gudu da tsallen igiya, ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Ana nan sai aka ce ƙungiyar jiha za ta ɗauki mai raba ƙwallo guda ɗaya daga cikinsu, ko Zayyanu ko abokinsa Lurwanu. Masu zaɓe za su zo kallon wasan da za a yi bayan wata guda, kuma da 'yan Ƙaura za a kara. Koci ya ce wa Zayyanu, "In aka wuce ka a gabansu, ka nemi wata sana'a, ni ma na gaji." Tun daga ranar abinci ya daina shiga cikin Zayyanu.

Yana da yaya, Barira, tela ce, ba ta san ko mutum nawa ke shiga fili ba. Ta ga ƙaninta na ramewa, sai ta rufe shago ta bi shi wurin atisaye, ta ɗauke shi a waya don ta nuna wa innarsu. A gida ta yi ta tsayar da bidiyon tana neman inda ya fito da kyau, ba ta samu ba. Ta kira shi ta ce, "Kai Zayyanu, sau goma sha biyu na tsayar, duk inda mutum ya matso ka idonka a rufe yake. Barci kake yi a filin?" Ya karɓi wayar ya duba, ya ga haka ne. Shi kansa bai san yana yi ba, balle koci da ke kallon ƙafafunsa.

Sanin ciwo daban, magani daban. A bayan layinsu akwai Baba Jatau, tsohon ɗan kokawa da ya koma sayar da itace. Da ya ji zancen bai yi wa'azi ba. Ya rungumar wa Zayyanu buhun dusa, ya tsayar da shi a tsakar gida, ya kwance wani ragonsa mai tunkuyi da ko matan gidan ba sa giftawa ta gabansa. Ya ce, "Ka rusuna, kada ka dubi fuskarsa, fuska maƙaryaciya ce. Dubi ƙirjinsa. In ya buge ka, ka gaya mini ƙafar da ya fara ɗagawa." Rago ya taho, Zayyanu ya ji shi a ƙasa. Aka tambaye shi wace ƙafa, ya ce bai gani ba. Kwana tara yana faɗuwa ba amsa. Ran na goma ya ce ta hagu. Baba Jatau ya ce, "To haka mutum yake, sai dai shi cibiyarsa za ka duba, ba inda zai je ya bar ta."

Ranar wasa ta zo. Zayyanu na ɗaura takalmi sai ya hangi Tirela yana saukowa daga mota, ya ƙara faɗi a kan na bara. Nan take duk abin da rago ya koya masa ya gudu. Ya sulale bayan fili, ya zauna a gindin katanga ya fara kwance takalmin, yana lissafin hanyar da zai bi kada a gan shi. Koci ya neme shi ya rasa, ya ce Lurwanu ya shiga. Ku lura, da Lurwanu ya yi shiru, gurbi ya zama nasa, ba wanda zai ce ya ci amana, kuma shi ma shekara huɗu yana jiran wannan rana. Sai ya roƙi minti biyu, ya zaga ya iske abokinsa, ya durƙusa ya ɗaure masa takalmin da hannunsa. Ya ce, "Tashi. In zan ci gurbin nan, ba ta bayan katanga zan ci shi ba." Ya jawo shi gaban koci, shi Lurwanu kuwa ya koma benci.

Aka yi wasa, Zayyanu ya kafa ido a cibiyar mutuminsa, aka kasa wuce shi. Saura daƙiƙa shida, 'yan Gusau na gaba da maki ɗaya, sai Tirela ya ƙwace ƙwallo ya nufo kwando, ba kowa a gabansa sai Zayyanu. Dokar wasan ita ce, in mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa aka banke shi, laifin mai gudu ne, in kuwa ya kauce an ci su. Zayyanu ya ji takun nan da ya sani, kafaɗarsa ta fara zogi tun ba a taɓa ta ba. Ya kafe, idonsa biyu, har ƙaton ya haɗu da ƙirjinsa. Ya faɗi rigingine, Barira ta ɗora hannu a ka. Can alƙalin wasa ya busa usur ya nuna Tirela. Zayyanu ya shafa kafaɗa ya ji ta lafiya, sannan ya fashe da kuka.

Shi aka ɗauka. To a ƙungiyarsu akwai al'ada, duk wanda ya samu ci gaba, rigar farko da aka ba shi ba ya sa ta, yakan miƙa ta a gaban jama'a ga mutumin da ya fi kowa hannu a tashinsa. Riga guda ce, kuma ba a yaga ta. Ga Barira da ta ga abin da masana suka kasa gani, ga Baba Jatau da ragonsa, ga Lurwanu a tsaye can gefe yana tafa wa mutumin da ya tafi da gurbinsa.

To, ku da kuka iya musu, wa Zayyanu zai miƙa wa rigar nan?