A Sa Sunana, In Ji Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama. Wanda ya ji kamar da shi ake, ba ni na kira sunansa ba.

Wai a Jami'ar Kurmi an yi wani malami, Dakta Kurege. Ba abin da yake so a duniya kamar kujerar farfesa. Ba don ilimi ba, Allah ya sawwaƙe. A jami'ar nan, duk wanda ya zama farfesa, kullum da hantsi ana dire masa kwandon soyayyar gyaɗa har ofis. Kurege da gyaɗa kuwa, kun san zancen.

Sai dai ba a hawa kujerar sai da tulin maƙalu. Maƙala sai da bincike, bincike aiki ne, aiki kuwa su Kurege ba su gaje shi ba. Sai ya nemo gajerar hanya.

Ya tarar da Kunkuru yana auna zurfin rafi, duk ya yi wujiga-wujiga. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ga aron biro. In an gama, a sa sunana."

Aka sa.

Ya tarar da Bushiya tana rubutu cikin rana. Ya yi mata fifita da wutsiya, ya ce, "A sa sunana."

Aka sa.

Kafin damina ta zagayo, Kurege ya zama masanin ruwa, masanin ƙaya, masanin taurarin da bai taɓa ɗaga kai ya duba ba.

Rannan ya iske abokin cin mushensa, Dakta Biri, riƙe da wata ƙatuwar maƙala, wai bincike ya tabbatar Kura ta daina cin nama. Ina Biri ya samo? Daga kan reshe ya tambayi Kura, ta ce ta daina, ya rubuta. Kurege bai karanta ba. Ɗagawa ya yi, ya ji nauyi, ya ce, "Wannan kam sunana a gaba."

Biri ya ce, "Ɗauki gaban duka." Saurin yardar nan ya isa ya sa mai hankali tunani, amma gogan naku ƙanshin gyaɗa yake ji.

Ya kwashi tulin ya kai wa Zaki, shugaban jami'a. Zaki ya ce, "Madalla. Saura al'ada. Za mu gayyato masani daga wata jami'a ya tantance ka, ku biyu a ɗaki, ƙofa a rufe. A wannan fanni kuwa ba wanda ya kai Farfesa Kura."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za a bar ƙofar a buɗe ba, ko don iska?"

"Tsoron me, Dakta? Ba kai ka gano ta daina ba?"

Kurege ya nemi Biri, aka ce ya tafi ƙaro ilimi a ƙololuwar kuka.

Ranar ta zo, aka rufe ƙofa. Kura ta yi hamma, ta haɗiye miyau, ta ce, "Matso kusa, Dakta, kunnena ba ya ji sosai."

Kurege ya manne da bango, ya ce, "Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya. Tun da maƙalar nan ta fito, yaya ɗalibai a wurinki?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Awaki sai tururuwa suke yi, har da tumaki. Ba dai su cika kammala karatun ba."

"To in aka ga na shigo ɗakin nan ban fita ba, maƙala ta faɗi. In ta faɗi, wace akuya za ta sake neman digiri a hannunki?"

Kura ta miƙa hannu ta latsa haƙarƙarinsa, ta ce, "Ka yi gaskiya. Ba zan zubar da mutuncina a kan loma ɗaya ba, ita ma ƙashi da gashi."

Aka buɗe ƙofa, ta ce wa Zaki, "Ya ci. Irin wannan masani ba a nisa da shi. Na dawo jami'arku, a haɗa mu ofis ɗaya."

Aka naɗa Kurege farfesa, aka yi kiɗa, aka yi guɗa. Washegari da hantsi kwando ya iso, gyaɗa da zafinta. Ya kai hannu ke nan, Kura ta ɗago daga kujerarta, ta ce, "Ci mana, Farfesa, ci da kyau. Ranar da ka yi ƙiba sai mu sake duba binciken nan."

Kurege ya janye hannu.

Har yau kullum ana kawo kwando, kullum yana kallo, duk ya rame sai wutsiya. Biri ne ke leƙowa ta taga ya damƙi rabonsa, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Farfesa." Ni dai ya ba ni tausayi, amma ba da yawa ba.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ka sa sunanka a abin da ba ka karanta ba, ka fara tambaya ko mai dubawa ta karya kumallo.