Takardar Farfesa Midhat a Cikin Roba

Mijin yayata, Midhat, shi ne malamin labarin ƙasa a makarantar garinmu, Prijepolje, shekara talatin da ɗaya, kuma ban taɓa ganin mutum mai ji da kansa kamarsa ba. Ba mugu ba ne. Koyarwa kuwa ya iya ta, don ko yau ka tare tsoho a kasuwa ka tambaye shi inda kogin Lim ya nufa, da muryar Midhat zai ba ka amsa. Aibinsa ɗaya ne, girman kai. Kwalejin malamai ta shekara biyu ya yi, amma in ba ka ce masa Farfesa ba, ko gidansa ke cin wuta ba zai waiwayo ba.

Ni kuwa Nusret ne, ƙanin matarsa Razija. Duk garin an san ni. A aji bakwai na bar makaranta, bayan na shigar da akuyar liman ɗakin malamai na rufe ta tare da takardun jarrabawa. Su suna cewa korata aka yi. Ni ina cewa na gama koyon abin da suke da shi ne, na ba su wuri.

Ina da ɗan shagon fotokofi kusa da tashar mota. Wata shekara na sayo injin da ke liƙe takarda a cikin roba, irinsa na farko a garin. Mako biyu ba wanda ya kawo ko katin asibiti. Na ga sai na kama babban kifi kafin ƙanana su biyo. Ranar Lahadi na je cin pita, wani gasasshen burodi mai cuku a ciki, gidan yayata, na tsaya ina kallon takardar shaidar malanta ta Midhat da ke rataye a bango, ta yi ja don tsufa.

"Kai, Farfesa, asu ya kusa gamawa da kai," na ce. "Shugaban makarantarku ma ya kawo tasa jiya na liƙe masa. Ya ce takardar manya ce kawai ta cancanci roba."

Ƙarya nake yi. Shugaban bai ma san ina da injin ba.

"Shi wa?" in ji Midhat. "Wanda ya ci jarrabawa da ƙyar?"

Razija ta ajiye faranti. "Midho, ka bar takardar nan yadda take. Wannan ɗan banzan ko ƙwai ka ba shi ajiya, ɓawo zai dawo maka da shi."

Washegari da sassafe sai ga Midhat a ƙofar shagona, takarda a hammata. Na liƙe ta, ta fito tana ƙyalli kamar madubi. Na tsoma ta a bokitin ruwa a gaban direbobin tasha, na fito da ita ko ɗigo bai shiga ba, aka yi tafi. Midhat ya tsaya yana gyara hula kamar shi ya ƙera injin. Daga ranar layi bai yanke a shagona ba.

Kwanaki masu daɗi ke nan. Muna zama bakin kogi da gahawa, ƙwayar sukari a kunci, yana zagina jahili, ina zaginsa taswira mai ƙafa.

Bayan shekara uku 'yarsu tilo, Amela, wadda ke aure a Travnik, ta haifi tagwaye. Razija ta ce ita fa ba za ta tsufa tana ganin jikokinta a hoto ba. Aka yi sa'a wata makaranta a can tana neman malamin labarin ƙasa, shugabar makarantar ta ce ta ba Midhat gurbin, in dai ya kawo takardunsa kafin ƙarshen watan Satumba. Saura shekara huɗu ya yi ritaya, kuma a cikin aji yake so ya ƙarasa su. Suka sa gida a kasuwa, aka saye.

Lokacin da Midhat ya karɓi takardarsa a kwaleji, mu da Travnik ƙasa ɗaya ce. Ka hau mota da safe, ka yi barci, ka farka a can, ba wanda ya tambaye ka ko sunanka. Yanzu kuwa akwai iyaka a tsakani, kuma kafin su yarda kai malami ne sai an buga hatimin ɓangarenmu a bayan takardarka ta asali.

Ranar biyu ga Agusta na raka shi ofishin da ake buga hatimin. Magatakardan wani saurayi ne, Milojko, tsohon ɗalibinsa. Ya tashi tsaye ya gaishe shi, ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Malam, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Farfesa," in ji Midhat.

"Farfesa, yi haƙuri. Hatimi ba ya zama a kan roba. Kuma doka ta ce sai na taɓa takardar da hannuna. Wannan ba takarda ba ce kuma, faranti ne."

Na sa baki. "Milojko, ka buga kawai, ni zan hura ya bushe."

"Kawu Nusret, kai dai ka yi shiru, da ganin aikin na san hannunka ne." Ya juya ga Midhat. "Abu ne mai sauƙi. Ka kai ta kwalejinku yadda take, su karɓa su ba ka sabuwa. Kwana tara ne, goma in ya yi yawa. Ka nemi Dragica mai kula da kundin ɗalibai."

Da jin sunan, fuskar Midhat ta canja. Dragica 'yar ajinsu ce a kwaleji. Ba ta gama ba, mahaifinta ya rasu, aka ba ta aikin ajiye kundi a nan. A bikin cikarsu shekara ashirin da gamawa, Midhat ya tashi a gaban kowa ya ce, "Mu muna koyar da 'ya'yan ƙasa, Dragica kuma tana kaɗe wa sunayenmu ƙura." Wasu suka yi dariya. Ita ta ɗauki jakarta ta fita.

A hanyar gida ya ce, "Ni zan je in tsaya gaban tagar matar nan, hula a hannu? Har abada."

Maimakon tafiyar awa uku, sai ya zauna rubuta wasiƙun ƙorafi. Ya rubuta wa shugaban Milojko, ya rubuta wa na sama da shi. Ya lissafa shekarunsa na aiki da lambobin yabonsa. Mako uku ya tafi a haka. Amsa ɗaya ta zo, layi biyu: a koma kwaleji.

"Midho, don Allah ka hau motar nan," in ji Razija. "Ka saya mata gahawa da alewa, ka ce ka yi kuskure. Bakinka zai tsage ne?"

"Ke ba ki san darajar ilimi ba."

"Na san darajar gida, kuma na ga mun sayar da namu."

A nan ne na sake shigowa. Da na yi shiru, da wataƙila ya gaji ya tafi. Amma bakina bai taɓa sanin ranar hutu ba.

"Farfesa, kwantar da hankalinka," na ce. "Abin da zafi ya liƙe, zafi ne ke ɓamɓare shi. Na yi wannan ya fi sau ɗari."

Ko sau ɗaya ban taɓa yi ba.

Wata ranar Asabar da azahar, Razija tana tsakar gida da maƙwabta suna gasa jan tattasai na ajiyar hunturu, muka lallaɓa kicin muka kunna dutsen gugarta. Na yanke gefen robar da almakashi, na shimfiɗa tawul, na goga. Midhat yana tsaye a kaina yana numfashi kamar mai naƙuda.

"A hankali, jahili."

"Kai dai riƙe wancan gefen, taswira."

Kusurwa ta ɗaga. Na ce a ja sannu-sannu. Shi kuwa da ya ga ta fara sakuwa, haƙurinsa ya ƙare, ya fizga gaba ɗaya. Muka ji wani ɗan sauti kamar an yage tsohon zane. Robar ta fito, amma da rubutun ta fito. Rabin sunansa yana jikin roba, rabi yana jikin takarda. Hatimin kwalejin ya narke ya zama tabo kamar an zubar da miya.

Muka tsaya muna kallo.

Razija ta shigo, hannunta baƙi da tokar tattasai. Ta dubi tebur, ta dube mu. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Mai ilimi da jahili," ta ce, "ashe in aka haɗa ku ba a samun mutum ɗaya mai hankali."

Duk da haka sai da Midhat ya ƙara kwana goma yana cewa zai rubuta wa minista. Ranar Litinin Razija ta ɗaura ɗankwalinta, ta sa gutsattsarin takardar a jaka, ta hau motar safe zuwa kwalejin ita kaɗai. Da yamma ta dawo ta zaunar da mu.

Dragica ta karɓe ta hannu biyu, ta dafa mata gahawa, ta tambayi lafiyar tagwaye. Ta buɗe kundi, ga sunan Midhat nan tsaf, ba ƙura ko kaɗan. Amma ta ce tunda takardar ta lalace har ba a iya karanta ta, ba musanya za a yi ba kuma. Sai an buga sanarwa a jaridar gwamnati cewa tsohuwar takardar ta daina aiki, a jira ta fito, sannan a rubuta sabuwa. Mako biyar ke nan, kuma ba wanda ya isa ya gajarta shi.

"Ta ce in gaya maka," in ji Razija, "da ka kawo ta da robarta a watan Agusta, da ita da kanta za ta bi shugaban kwalejin har gida ya sa hannu. Ta ce maganar ƙura ta daɗe da mantawa da ita. Kai ne ka riƙe."

Ta tura masa takardar neman sabuwa. Ya sa hannu.

Ya kira shugabar makarantar Travnik, ya roƙe ta, kuma wannan ne karo na farko da na ji Midhat yana roƙo. Ta ce tana jin nauyinsa, amma yara wata guda ba su da malami, ba za ta iya wuce ranar da ta sa ba. Ranar ɗaya ga Oktoba aka ba wani matashi gurbin. Ranar sha ɗaya direban motar safe ya miƙo mini ambulan daga Dragica, sabuwar takardar a ciki. Milojko ya buga hatimi cikin minti biyu. Tsohon gurbinsa na garinmu da ya ajiye kuwa tuni an cike shi.

Suka tafi Travnik, tunda ba gidan komawa. Ya nemi aiki shekara biyu, ko'ina aka ce an fi son matasa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a can kafin ya rasu, bai sake riƙe alli ba.

Na ziyarce su wata bazara. Muka fita yawo, hanya ta bi da mu ta bayan makarantar. Tagogi a buɗe, muryar malamin tana fitowa, yana bayanin koguna. Midhat ya rage tafiya, ya tsaya jikin shinge yana saurare. Leɓɓansa suna motsi, yana riga yaran ba da amsa. Na shirya wata tsokana mai kyau, har ta zo bakina, sai na ga idonsa, na haɗiye ta.

"Ya iya," ya ce. "Amma yana sauri. Na bayan aji ba su gane ba."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya gyara hularsa muka wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari, mai karatu, ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ƙi sunkuyar da kai na minti biyar yana iya rasa abin da ya yi shekara talatin yana ginawa. In ka ɓata wa wani, je ka ba shi haƙuri tun ƙofa tana buɗe, don sau da yawa wanda kake gudu ya riga ya yafe, kai ne kake dakon laifinka. In masu aiki sun nuna maka hanya, bi ta ko da ta yi maka tsawo, kada ka nemi yanke. Kuma ka kiyayi mai cewa ya yi abu sau ɗari alhali ba ka ga ɗaya ba. Wannan na ƙarshen ni na fi kowa saninsa, domin ni ne mutumin.