Hancin Da Aka Zura Rijiya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don in na gama ku za ku yanke hukunci.

A Tudun Kanya an yi wani mai haƙar rijiya, Baba Nomau, wanda ya shekara talatin yana shiga ƙasa. Babban abin tsoron masu sana'arsa shi ne muguwar iskar da ke taruwa a gindin rijiya, ba wari ba kala, sai dai mutum ya ji barci ya kama shi, shi ke nan. Ita ta kashe ƙaninsa. Nomau yana da 'ya'ya uku: Asabe, Tanko da Mamuda.

Asabe gyaran waya take yi a bakin kasuwa. Wata huɗu ta yi tana haɗa wata na'ura saboda ubanta. Ta samo wani ɗan abu mai shinshinar iska, ta sa masa suna hanci, ta haɗa shi da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta fi farce girma ba. In iska ta ɓaci, ƙarfin wutar da ke fitowa daga hancin yakan ragu, amma raguwar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana ɓacewa cikin rawar da wuta ke yi a waya. Sau biyar tana kasawa. Daga baya ta koya wa ƙwaƙwalwar ta auna sau ɗari ta ɗauki tsaka-tsaki, sannan ta nuna lamba a ɗan gilashi. Ta sa mata ƙararrawa, sai dai ta saita ta yadda ba za ta yi kuka ba sai wutar ta faɗi da yawa.

Mamuda bai san yadda abin ke aiki ba, ko sunan wayoyin bai riƙe ba. Shi aka ba zaman bakin rijiya, ya zura hancin, ya sa ido. Kwana arba'in yana kallon lambobin har ya san halinsu, su hau kaɗan su sauka kaɗan. Wata Laraba da hantsi, uban yana cikin rijiya mai zurfin gaba goma sha biyu, sai ya ga suna sauka ɗaya-ɗaya ba sa komawa. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Ya leƙa ya ce, "Baba, ku fito, iskar nan ba lafiya." Nomau ya amsa cewa shi bai ji komai ba, kuma na'urar ma ta yi shiru, har ya kwance igiyar ƙugunsa don ya samu sakewa. Mamuda bai tsaya musu ba. Ya bar bakin rijiyar, ya ruga gona ya kira Tanko, ya tattaro maza shida. Da suka iso suka kira tsohon, ba amsa.

Tanko manomi ne, bai taɓa son rijiya ba tun ranar da aka fito da gawar baffansu. Ya ɗaura igiya, ya ja numfashi, ya ce a sake shi. A ƙasa ya tarar da uban a jingine, diga a hannu. Yatsunsa suna mutuwa ya zagaya masa igiya ta biyu, ya ƙulla, ya girgiza ta don a ja. Aka jawo Nomau, aka jawo Tanko a sume. Uban ya farfaɗo kafin azahar, shi kuwa Tanko sai da ya kwana uku a asibiti.

Da Nomau ya warware, ya tara su ya ce ya bar haƙa. Yana da garka guda mai rijiyar da ba ta ƙafewa ko da bazara, garkar ba ta rabuwa, kuma yana so ya ba ɗayansu kyauta tun yana raye. Ya ce, "Asabe, ba don ke ba da babu abin kallo, ko da yake ƙararrawarki ba ta yi kuka ba. Mamuda, kai ka gani, amma ka bar ni a rami ni kaɗai. Tanko, kai ka shiga, amma da ba a kira ka ba gawa za ka tarar." Ya kasa zaɓa.

To, ku da kuka ji, wa za a ba garkar nan a cikin ukun?