Kunkuru da Alewar Toshin Sallah

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu saurare da masu gyangyaɗi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Kunkuru ne ya ga Bushiya yana so. Ya daɗe yana zuwa zance gidansu, sai dai da ya yi sallama sai ya shige ƙoƙonsa, ita kuma da ta amsa sai ta dunƙule. Su zauna haka kamar duwatsun murhu, can ya ce daga ciki, "To, na wuce." Mutanen unguwa suka ce ba su taɓa ganin masoyan da ba sa faɗa kamarsu ba.

Azumi ya zo ƙarshe, sai Bushiya ta leƙo da hanci ta ce, "Malam Kunkuru, Kurege ya aiko yana tambaya ko akwai mai nemana, na rasa amsar da zan ba shi. In Sallah ta zo ban ga toshinka ba, zan ce masa babana kake zuwa gaisarwa."

Kunkuru ya koma gida da sauri, irin saurinsa dai. Ba shi da atamfa, ba shi da turare. Abin da ya mallaka dunƙulen mazarƙwaila uku ne, da 'yar tsamiya da citta. Ya ce zai dafa mata alewa mai tauri, irin ta tsotsa. Ya hura wuta, ya narka dunƙule ɗaya da ruwan tsamiya, ya kama juyawa. Sai ya tuna yana azumi, yaya zai san ta yi? Malamai sun ce ɗanɗano ba ya karya azumi in ba a haɗiye ba, amma Kunkuru bai yarda da maƙogwaronsa ba.

Ƙanshi ya kai gidan Gizo, sai ga shi.

"Shannu da aiki, ango! Kawo in ɗanɗana maka."

"Ba ka azumi ne, Gizo?"

"Ni matafiyi ne."

"Daga ina?"

"Daga gidana zuwa nan."

Gizo ya sa cokali ya lasa. "Da saura." Ya sake. "Da saura." Ya sake. "Kai, da saura." Yana ta da saura har cokali ya fara kankare gindin tukunya. Ya share baki ya ce, "Wutarka ce ta shanye ta."

Washegari Kunkuru ya narka na biyu. Sai ga Gizo, wannan karon da ludayi.

"Yau ma tafiyar ce?"

"Yau ba ni da lafiya. Mai magani ya ce in riƙa lasar zaƙi."

"Da saura, da saura, da saura," har ɗan abin da ya rage ya kama, ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙauri. Gizo ya ce, "Ka ga? Ka bar ta ta wuce."

"Kaka, Kunkuru wawa ne?"

Ba wawa ba ne, Ladidi, so yake yi. Daga nesa suna kama.

Ranar jajibere, saura dunƙule ɗaya. Kunkuru ya ɗora tukunya, ya ajiye ƙwaryar ruwan randa a gefe, ta shan ruwa. Sai ga Gizo da ƙoƙo guda.

"Ai ni na ga wata tun jiya. Ni kaɗai. Siriri ne ƙwarai."

Kunkuru ya ci gaba da juyawa. Ya ɗaga muciya zai miƙa masa, sai ɗigo ɗaya ya zame ya faɗa cikin ƙwaryar ruwan. Ya sa hannu ya tsamo, ya ji ya dunƙule, amma da laushi. Gizo ya ce, "Kawo nan!" Kunkuru ya ce, "Dakata." Ya juya, ya juya, ya sake ɗigawa. Ya tsamo, ya yi danƙo yana jawuwa. Ya juya, ya juya, ya ɗiga na uku. Sai ya ji ƙas! Ya tsamo, ya lanƙwasa, ya karye kamar tsinke.

Gizo ya ce, "Da saura! Ko daga nan ina ganin da saura."

Kunkuru ya ce, "Ruwa ya ce ta yi. Shi kuwa bai zo da ƙoƙo ba."

Ya sauke, ya juye a faranti mai shafe da man gyaɗa, ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da ƙoƙon bayansa ya motsa. Yana cikin yankawa, Gizo ya wawuri curi guda da sauran ɗumi, ya danna a baki, ya datse haƙora, ya ruga. Kafin ya kai gida alewa ta sandare, muƙamuƙi ya kama. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya ce, "Mmm." Ranar Sallah ana ta tuwo da miyar taushe, Gizo na zaune yana kallo. Azumin da ya ƙi yi cikin wata, ya yi shi ranar Idi. Ƙoƙi ta ce ba ta taɓa yin Sallah mai daɗi irin wannan ba.

Kunkuru kuwa ya ƙunshe alewa a ganye, ya kama hanya tun da safe, ya isa bayan an sauko daga Idi. Ya yi sallama, ya tura ƙunshin, ya fara ja da kai ciki.

Bushiya ta kwance, ta duba. "Yankan duk a karkace."

"Haka ne."

Ta sa ɗaya a baki. "Tsamiyar ma ta ɗan yi yawa."

"Haka ne."

"Ungo, sha ɗaya. Fito da kanka mana, ai ba a tsotson alewa a cikin ƙoƙo."

Ya fito da kai. Ita ma ba ta dunƙule ba. Alewa mai tauri ba ta saurin narkewa, sai suka zauna suna tsotsa suna kallon juna, ba wanda ake jira ya yi magana. Da ɗan aiken Kurege ya zo, Bushiya ta tura alewa gefen kunci ta ce, "Ka ce masa akwai mai nema."

To, 'yan nan, in kuna son sanin ko abinku ya yi, kada ku tambayi wanda ke cin riba da rashin yinsa. Ku tambayi wanda ba shi da rabo a ciki.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, ku tambayi Gizo, in bakinsa ya buɗe.